Yadda Ake Zama Lafiya Cikin Mutanen Tailan

Yawancinmu a jikin buhun shinkafa muka fara ganin sunan Tailan. Yanzu kuwa mutanenmu na zuwa da ƙafarsu: ɗan kasuwa mai saro tufafi a kasuwar Pratunam ta Bankok, ɗalibi, mai rakiyar marar lafiya zuwa asibitocin Bankok, da wanda aiki ya kai. Ƙasa ce mai daɗin zama ga wanda ya iya riƙe abu biyu, takardunsa da fushinsa. Kusan duk wahalar da baƙo ke sha a can, daga ɗayan biyun nan take fitowa. Ga yadda ake bi, tun daga gida.

Kafin ka ɗaure kaya

Fara da biza, kuma ka nemi wadda ta dace da abin da zai kai ka. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba ka damar yin aiki, ko na yini ɗaya ne. Ɗan Najeriya yana buƙatar takardar wankewa daga hukumar NDLEA kafin a ba shi biza, kuma takardar ba ta fitowa a yini guda, don haka ita za ka sa a gaba. Sai katin rigakafin cutar shawara. A filin jirgin Suvarnabhumi na Bankok akwai teburin jami'an lafiya kafin a kai ga na shige da fice, a nan za ka fara nuna katin a ba ka shaida. Wanda ya wuce teburin nan ya bi dogon layin fasfo, ko ya kai gaba, dawo da shi za a yi.

Tun ranar 1 ga Mayun 2025 aka daina cike katin shiga na takarda. Yanzu ta intanet ake cike shi, ana ce masa TDAC, a cikin kwana 3 kafin saukarka. Kyauta ne. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ba na hukuma ba ne.

Kada ka karɓi saƙon kowa a jakarka sai ka buɗe ka gani da idonka, ko da na ɗan'uwa ne. Hukuncin miyagun ƙwayoyi a Tailan mai tsanani ne ƙwarai, kuma “ban san abin da ke ciki ba” ba ta fitar da kowa. Sigarin lantarki ma haramtacce ne tun 2014, a bar shi gida.

Da an buga maka hatimi, tsaya nan gefe ka karanta ranar da aka ce ka fita. Wannan ranar ce dokarka, ko me aka rubuta a jikin bizar.

Ɗaki, da takardar mai gida

Sayi layin waya da fasfonka, na AIS ko na True, ka saukar da manhajar LINE. Mai gida, mai shago, likita, kowa a can ta LINE yake magana.

Haya wata-wata ake biya, ba shekara ba. Abin da aka saba shi ne kuɗin wata biyu na ajiya da na wata ɗaya a gaba. Kafin ka sa hannu, yi tambaya uku. Nawa ake sayar maka da wuta? Idan kai tsaye kake biyan hukumar lantarki, wajen baht (kuɗin ƙasar) 4 ne kowane ma'auni, amma wasu gidajen haya kan caji 7 ko 8, kuma a watan Afrilu da na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, bambancin nan zai taɓa aljihunka sosai. Ana girki a ɗakin? Ɗakuna da yawa ba su da madafa, wasu gidajen ma sun hana tukunyar gas, domin mutanen gari a waje suke sayen abinci. Sai babbar tambaya: mai gidan zai yi maka TM30?

Doka ta ce duk wanda ya sauki baƙon ƙasar waje a gidansa ya sanar da hukumar shige da fice cikin awa 24. Sanarwar nan ita ce TM30. Otal yana yi da kansa. Mai gidan haya kuwa, wani yana yi, wani ya ce bai san zancen ba. Wajibin nasa ne, amma ranar da ka je ƙarin wa'adin zama aka ce ina shaidar, kai za a mayar gida. Ni a ganina, mai gidan da ya yi ta kwana-kwana kan TM30, bar masa ɗakinsa komai araharsa. Idan ya yi, karɓi shaidar ka adana tare da fasfo. Ɗauki hoton kowane bango da kowace kujera ranar da ka shiga, saboda ranar karɓar kuɗin ajiya.

Ruwan famfo na wanka da wanki ne. Na sha, akwai injina a bakin layi da ake jefa wa baht ɗaya su ba da kamar lita guda. Kuɗin wuta da na ruwa ana biya a kantin 7-Eleven, wanda da wuya ka yi tafiyar minti biyar a Bankok ba ka ga ɗaya ba. Idan bizarka ta dogon zama ce, buɗe asusun banki da wuri don ka samu PromptPay, hanyarsu ta biyan kuɗi da waya. Har mai soya ayaba a bakin titi tana da lambar da za ka haska da waya ka biya. Cire kuɗi da katin waje kuwa, kowane cirewa sai an yanke maka sama da baht 200.

Lissafin kwana 90

Duk baƙon da ya yi kwana 90 a jere a ƙasar sai ya sanar da hukuma inda yake zaune, kuma haka zai riƙa yi duk bayan kwana 90. Fom ɗin TM47 ne. An ba ka daga kwana 15 kafin ranar zuwa kwana 7 bayanta. Ka wuce haka, tarar baht 2,000. A Bankok babban ofishin yana Chaeng Watthana, can arewacin birni, sai ka yi sammako ka karɓi lamba. Sa riga mai mutunci, tafi da kwafin shafukan fasfo fiye da yadda kake zaton za a nema, ka sa hannu a kowane kwafi da biro shuɗi.

Wannan sanarwar ba ƙarin wa'adi ba ce, kada ka haɗa su. Ƙarin wa'adi daban ake nema, baht 1,900. Wanda ya zarce wa'adinsa, tarar baht 500 ce kowace rana har ta kai 20,000. Ya haura kwana 90 ya miƙa kansa, an hana shi shiga ƙasar shekara guda. In kuwa kama shi aka yi, ko da 'yan kwanaki ya zarce, tsarewa ce da kora da haramcin shekara 5. Haka aiki ba tare da takardar izini ba: tara da kora. Akwai ma sana'o'in da aka keɓe wa 'yan ƙasa kaɗai, irin su aski, talla da ja-gorar 'yan yawon buɗe ido.

Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa ita ce, baƙar fata ya fi saurin gamuwa da ɗan sanda mai tambayar fasfo, musamman a wajen Nana da Sukhumvit, cikin Bankok, da dare. Riƙe fasfonka a jikinka, da hoton shafukansa a waya. Miƙa shi da fara'a, kada ka ɗaga murya. Idan magana ta cije, kira 1155, 'yan sandan baƙi ne, suna jin Turanci. Motar asibiti 1669.

A kula da shekara a jikin takardu. Tailan na ƙara 543 a kan lissafin miladiyya, wato 2025 ita ce 2568. Haka za ka gani a yarjejeniyar haya da a jikin robar madara.

Ci da salla

Naman alade na ɓuya a inda ba ka zato: a romon taliya, a man suya, a niƙaƙƙen naman da aka barbaɗa kan ganye. Cewa “mai sai mu”, wato kada a sa alade, yana hana a zuba maka tsoka, amma ba ya canja romon da ke tafasa a tukunya tun asuba. Abin da ya fi shi ne ka nemi mai abinci Musulmi. Za ka gane rumfar da alamar wata da tauraro, ko mai sayarwa da ɗankwalinta. A kanti kuma duba tambarin halal na Majalisar Musulunci ta Tailan a jikin kaya. Nemi khao mok kai, shinkafa ce rawaya da kaza, ana ba da ita da ɗan romo da miyar tsami mai ɗanyen ganye. Ita ce ta fi saurin kwanta wa bakin Bahaushe. Idan ba ka son yaji ka ce “mai phet”, ko da kana ganin kai gwanin barkono ne.

Masallatai na da yawa a Bankok. Akwai Masallacin Harun a Bang Rak, da Tonson a tsallaken kogin Chao Phraya, da Cibiyar Musulunci a wajen Ramkhamhaeng. Jirgin ruwan da ke bin mashigin Saen Saep daga Pratunam yana ratsa tsofaffin unguwannin Musulmi, kuma wanda ya kama ɗaki ta wannan ɓangaren ya huta da neman abinci da jam'i. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Mutanen Shafi'iyya ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya ɗaga hannu a ƙunutin asuba. Bi limaminka, kada ka mayar da wannan abin gardama a garin mutane.

Zirga-zirga

Hagu ake tuƙi, saboda haka in za ka tsallaka titi fara duban dama. Jiragen ƙasa na cikin birni, BTS mai bi ta kan gada da MRT na ƙarƙashin ƙasa, sun fi komai sauri. A tasi ka tabbata an kunna mita, daga baht 35 take farawa. In direba ya ƙi, sauka ka tari wata ko ka kira ta manhajar Grab. 'Yan acaɓa masu riga ruwan lemo suna bakin kowane layi, ka ji kuɗin kafin ka hau. Layukan da ake kira soi, masu mara suna hannu ɗaya na titi, masu cika suna ɗaya hannun, kuma ba lallai 21 ta kalli 22 ba.

Zama da mutane

Nan ne ya fi cancantar a tsaya. Ɗan Tailan ba ya son a kunyata shi, ba ya kuma son ya kunyata ka. Wanda ya tashi cikin kara da kawaici ba zai sha wuyar gane wannan ba. Idan ka nemi abu wajen ma'aikaciya ta yi murmushi ta ce za ta duba, sau da yawa a'a ce aka naɗe maka cikin ladabi. Kada ka matsa sai ta furta. Idan mai gyaran famfo ya ɓata aiki, kada ka faɗa masa a gaban yaransa. Ja shi gefe, fara da godiya, sannan ka nuna wurin da ke ɗiga. Da ka daka tsawa, ko kai ke da gaskiya, magana ta mutu: fuskoki za su rufe, kowa ya kama gabansa, takardarka ta koma ƙasan tari. Mu da muka saba ciniki da ƙarfin murya, sai mun riƙa tuna wa kanmu wannan. A Pratunam ma da dariya ake neman ragi, kuma ragin na zuwa ne in ka ɗauki guda uku ko fiye.

Namiji ya rufe maganarsa da “khrap”, mace da “kha”. Ko Turanci kake yi, ƙara shi yana tausasa zance. Sa “Khun” kafin sunan mutum. Wanda ya girme ka “phi” ne, ƙaraminka “nong”, kamar dai yaya da ƙane. Gaisuwarsu haɗa tafuka ne a ƙirji, ƙarami ke fara yi wa babba, kuma ba a yi wa yara ko mai miƙo maka kaya a kanti. Musulmin can suna yi wa maƙwabtansu ita, a tsakaninsu kuma sallama da musafaha.

Kai abin girmamawa ne, kada ka shafa kan kowa. Ƙafa kuwa abin ƙasƙanci ce: ba a nuna abu da ita, ba a miƙe ta wajen mutum ko gunkin Buddha, ba a tsallake wanda ke zaune. Cire takalmi a ƙofar gida, da duk shagon da ka ga takalma a bakinsa. 'Yar'uwa, idan kin ga malamin addinin Buddha mai mayafi ruwan goro, kauce masa a hanya da a mota, kada ki miƙa masa abu hannu da hannu.

Maganar sarauta, kame bakinka ɗungurungum, a fili da a Facebook. Sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya taɓa mutuncin sarki, kuma bai ware baƙo ba. Kuɗi ya faɗi yana gangarawa, kada ka take shi da ƙafa, hoton sarki ne a jiki. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tashoshi da wuraren shaƙatawa. Ka ga mutane sun tsaya cak, kai ma tsaya. Ɓata suna ma laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, don haka rigimarka da otal ko mai gida kada ka kai ta intanet da sunansa.

A bikin Songkran na watsa ruwa, 13 zuwa 15 ga Afrilu, duk wanda ya fito sai an jiƙa shi, ba a tambayar ko ya yarda. Sa waya da fasfo a leda. In ba ka so, yi cefanen kwana uku ka zauna a ɗaki.

Idan za ka leƙa gida

Mai ƙarin wa'adin zama da ya fita ƙasar ba tare da izinin dawowa ba, wa'adin nan ya mutu a ƙofar jirgi, sai ya sake neman biza daga farko. Kafin ka tafi hutun Salla, nemi izinin a ofishin shige da fice ko a filin jirgi: baht 1,000 na fita ɗaya, 3,800 na fita da yawa. Ranar da ka dawo, lissafin kwana 90 ya fara sabo, kuma ka tuntuɓi mai gidanka ka ji ko ofishin yankinku na son a sabunta TM30.