Yadda Za Ka Sa Ma'aikata Su Karɓi Manhajar Sadarwar Cikin Gida

Sau da yawa idan ma'aikata ta kafa manhajar sadarwa ta cikin gida, irin su SharePoint ko Confluence ko Viva Engage wadda a da ake kira Yammer, makon farko kowa sai ya leƙa, kafin wata ya cika wuri ya yi tsit. Ba lallai ne laifin manhajar ba. Kafin ma'aikaci ya rubuta ko kalma ɗaya, abu biyu yake aunawa a ransa: wa zai gani, kuma me zai amfana da shi.

Ka fara da aiki guda ɗaya tak. Kada ka buɗe manhaja ka ce kowa ya shigo ya faɗi albarkacin bakinsa, ba wanda zai zo. Ka nemi abin da ake shan wahalarsa kullum, kamar fom ɗin neman hutu, ko jadawalin aiki, ko ƙorafin firinta ta ƙi bugawa. Ka kwashe shi gaba ɗaya ka mayar can, ka daina tura shi ta imel. In ka bar hanya biyu a buɗe, tsohuwar za a ci gaba da bi.

Gwaji ya zama da mutum 15 zuwa 30 daga sassa biyu ko uku, na tsawon mako huɗu zuwa shida. Ka sa wanda aka sani da ƙyamar sabon abu a cikinsu, domin shi zai gaya maka gaskiyar da masu zumuɗi za su ɓoye. Kafin ranar buɗewa ka zuba tambayoyi kamar ashirin da aka saba yi, kowace da amsarta. Zauruka kuma, wato ɗakunan tattaunawa na cikin manhajar, kada su wuce uku zuwa biyar. Zaure talatin da ba kowa a ciki yana kashe gwiwa.

Shiga ta kasance da suna da kalmar sirrin da mutum yake buɗe kwamfutar ofis da su, kuma ta yi aiki a waya, saboda direbobi da masu gadi da ma'aikatan sito ba su da tebur. Sai ka duba saitin sanarwa tun kafin kowa ya shigo. In aka bar shi yadda ya zo, mutum yakan tarar da saƙonni barkatai a akwatinsa, ya kashe sanarwar duka, shi ke nan ba ya sake dawowa. Ka saita ta zama taƙaitaccen bayani sau ɗaya a rana, sai kuma idan an ambaci sunan mutum.

Babbar matsalar ita ce tsoro. Ƙaramin ma'aikaci ba zai rubuta "ban gane yadda ake cike wannan fom ba" a inda shugabansa zai karanta ba, sai in ya tabbata ba za a riƙe shi da ita ba. Don haka ka rubuta ƙa'ida shafi ɗaya, kada ta wuce. Ta faɗi wa ke iya ganin kowane zaure, ko mutum zai iya gyara ko goge abin da ya rubuta, da kuma ko za a duba rubutunsa lokacin auna ƙwazo. Ta hana saka albashi, bayanan abokan ciniki, kalmar sirri, da ƙarar wani da sunansa, wannan ofishin kula da ma'aikata ake kai wa. Shugabanni su ma a zauna da su: kada oga ya zama farkon mai amsa kowace tambaya, don da ya yi magana sauran sun kama bakinsu. In gyara zai yi wa wani, ya kira shi gefe. Tsawa ɗaya a gaban jama'a ta isa ta rufe bakin sashe guda.

Ƙorafin da za ka ji ba shi da yawa. Mai cewa "ƙarin aiki ne" yana nufin ba ka cire masa komai daga tsohon tsari ba. Mai cewa "na nema ban samu ba" yawanci takardu ne aka yi wa suna irin "sabo na ƙarshe 2". Kowace takarda a ba ta take bayyananne, da sunan mai kula da ita, da ranar da aka sabunta ta, a kuma share tsofaffi duk wata shida. Mafi ciwo shi ne "na yi tambaya ba wanda ya tanka". Ka naɗa mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa, kowace tambaya ta sami amsa cikin awa 24 na ranar aiki, ko da "mun gani, za a amsa gobe" ce.

Kada ka auna nasara da yawan masu rubutu. A 2006 Jakob Nielsen, masani kan yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya bayyana cewa a tarukan intanet kusan kashi 90 cikin ɗari karatu kawai suke yi, kashi 9 su tofa jefi-jefi, kashi 1 ne ke yin yawancin rubutun. Ka ƙirga masu buɗewa a mako, da tambayoyin da aka amsa, da ko kiran waya kan wancan aiki na farko ya ragu.

Tun ranar sa hannu kan yarjejeniya ka tambayi kamfanin mai manhajar yadda ake kwashe bayanai in an tashi barin manhajar. A 2024 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta sanar za ta rufe Workplace, manhajarta ta sadarwar ma'aikata, masu amfani da ita suka shiga neman wurin ƙaura. Slack, wata manhajar irin wannan, na kyauta kuma saƙonnin kwana 90 na baya kawai yake nunawa. Ka gwada kwashewar sau ɗaya a lokacin gwaji, ka buɗe fayil ɗin ka ga ko hotuna da takardun da aka liƙa sun biyo.