Yadda na gyara lissafin ribar shagona a Agege

Ina ɗinka kaftani da babbar riga a Agege in kai wa 'yan kasuwa. A da na fi karkata ga babbar riga, tunda ribarta naira 10,000 ce, kaftani kuwa 5,000. Sai dai kullum shadda kan ƙare tun ranar Alhamis, yarana su zauna suna hira.

Ƙanena da ke karanta lissafi a Jami'ar Legas ya ce, "Yaya, kawo biro." Ya sa x a madadin adadin kaftani, y adadin babbar riga. A mako yadi 120 nake iya saya, awannin aiki kuma 75. Kaftani na cin yadi 4 da awa 3, babbar riga yadi 10 da awa 5. Ya rubuta layi ɗaya na yadi, ɗaya na awanni (alamar ≤ na nufin kada ya wuce):

4x + 10y ≤ 120
3x + 5y ≤ 75

Ya zana layukan biyu a takarda, ya ce riba mafi tsoka a ɗaya daga kusurwoyin filin da layukan suka kewaye take, don haka kusurwoyin kawai za mu gwada. Babbar riga zalla, guda 12, naira 120,000, kuma awa 15 sun tafi a banza. Nan ne ciwon nawa. Kaftani zalla, guda 25, naira 125,000. Wannan ya ba ni kunya, wallahi. Inda layukan suka haɗu kuwa, kaftani 15 da babbar riga 6: naira 135,000, ba ragowar yadi, ba zaman banza.

Haka muke yanka yanzu. In farashin shadda ya motsa a kasuwar Balogun, sai in sake lissafin daren Lahadi.