Kunkuru a gindin darni: kurakuran da muke yi masa da sunan taimako

A nan gefen Marwa, a arewacin Kamaru, inda gidaje suka fara cinye gonaki, ruwan farko na ƙarshen Mayu ko farkon Yuni yakan zo mana da baƙo. Washegari da sassafe sai ka hangi wani abu kamar kifaffiyar ƙwarya yana motsi a gindin darni. Kunkuru ne. Ba daga nesa ya taso ba. Tun rani yana nan kusa, cikin rami ko ƙarƙashin tarin kara, yana jiran zafin Maris da Afrilu ya wuce, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Na Turai sanyi ke kwantar da shi, namu kuwa zafi da fari.

Abin da na lura shi ne, masu cutar da shi yawanci ba mugunta ke sa su ba. Bara na tare 'ya'yan ƙanena biyu sun rungumo ɗaya sun nufi kududdufi. Na ce ina zuwa? Babban ya ce, "Baba, ƙishirwa yake ji, gidansu za mu mai da shi." Da na makara da sun kashe shi. Kunkurun tudu bai iya iyo ba, in aka jefa shi ruwa mai zurfi nitsewa yake yi. Wanda ke zama cikin ruwa kififiya ce, kuma ƙafa ke raba gardama: ta kififiya shimfiɗaɗɗiya ce mai fata tsakanin yatsu, bayanta ba tudu sosai, ta kunkurun tudu kuwa dunƙulalliya ce kamar guntun taɓarya. In kana son shayar da shi, kafa kasko a ƙasa inda akwai inuwa, ka zuba ruwan da ba zai rufe masa hanci ba, ka ja da baya. Zai zo da kansa.

Sai ɗauka. Kowa ya san in an ɗaga kunkuru yakan saki fitsari, yara su kwashe da dariya. Wannan fitsarin guzurinsa ne. A mafitsara yake adana ruwa, jikinsa na ja a hankali tsawon rani, tsoro kuma ke sa ya zubar. In damina ta yi tsaiko bayan ruwan farko, kamar yadda ta saba yi mana, ka bar shi ba tanadi. Kada a ɗauke shi sai da dalili: yana kan hanyar babura, kare ya tasa shi gaba, ko ya faɗa kwatami. Nan ma da hannu biyu, a kwance yadda yake, kusa da ƙasa, a ajiye shi ta ɓangaren da ya dosa. In ka tarar da shi a rigingine, juya shi a hankali, don rana na iya kashe shi a haka. Bayan nan a wanke hannu da sabulu. Yana ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi, musamman ga ƙananan yara.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne huda. Mutum ya ɗauki ƙusa ko ya gasa ƙarfe, ya huda gefen ƙoƙon bayan, ya zura igiya ya ɗaure a turke kamar akuya, wai don kada ya gudu, wasu kuma da imanin yana tsare gida. Ana ɗaukar ƙoƙon nan kamar rigar da ya sa. Ƙashinsa ne. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a haɗe suke da shi, akwai jini, akwai jijiya, yana jin ko shafar yatsa. Rashin kuka ne ya sa ake zaton bai ji ba. Ramin yakan ruɓe, ƙuda su yi tsutsa a ciki, ko igiya ta tsage gefen in ya dage da ja. Shafa masa fenti don a gane "namu ne" ma ba shi da kyau, yana tona shi ga maƙiyansa a daji. In an riga an huda, a kwance igiyar, a wanke wurin da ruwa mai tsabta, a tsare shi daga ƙuda, a nemi likitan dabbobi.

Batun abinci gajere ne. Ba ya buƙatar tuwo, ko ragowar shinkafa da miya. Babban kunkurun Sahel, wanda ake samu daga Senegal har Chadi da Sudan, ciyawa yake kiwo kamar tunkiya. Yawan ba shi abinci mai maiƙo da nama kan sa bayansa ya yi ƙulu-ƙulu, ƙodarsa ta lalace. Ƙaramin nan mai rufe ƙarshen bayansa kamar ƙyaure, irin wanda ya shigo mana, yana haɗawa da dodon koɗi da ƙadandoniya da naman kaza, wato laimar kwaɗi. Duka damina ta tanadar musu. Kai dai kada ka yi feshin maganin ciyawa inda yake kiwo.

In kana kaftu ka ci karo da fararen ƙwai a binne, kada ka jujjuya su kamar na kaza. Juyi na kashe ɗan da ke ciki. Mai da ƙasar yadda take, ka kafa ƙaya a kewaye saboda karnuka. Haka kafin a cinna wa tarin kara wuta, a ɗaga shi da sanda a leƙa.

Akwai kuma masu zuwa da tayin kuɗi, musamman kan babban. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu a duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma tun 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, CITES, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji don ciniki tun 2000. Wanda ya gaji da nasa kada ya sayar, kada kuma ya kai shi wani daji ya yasar, ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji.

Namu dai kafa na bar masa a ƙasan darni, faɗin tafi biyu, ta wajen gona. Ya yi kwana tara yana shiga yana fita, rana ta goma ba mu sake ganinsa ba, sai sawunsa a laka ya nufi bakin mayo, wato kogi.