Yadda zaka fara tara ayyukan David Hockney ba tare da an sayar maka da fosta ba

Bari mu fara da cire kwaɗayi tukunna. Zanen fenti na Hockney, shahararren mai zanen nan ɗan Ingila, wato wanda ya zauna da burushi ya yi guda ɗaya tak a duniya, ba kayan irinmu bane. A watan Nuwamban 2018 gidan gwanjon Christie's a New York ya sayar da zanensa na 1972, wannan mai kwamin wanka da mutum ɗaya a tsaye yana kallon wani yana ninƙaya, akan dala miliyan 90.3, a lokacin babu wani mai zane da yake raye da aka taɓa sayen aikinsa a gwanjo da tsada haka. A 2020 kuma Sotheby's ta Landan ta sayar da The Splash akan fam miliyan 23.1. Toh kaga wannan layin na masu jirgin sama ne. Inda mutum mai ɗan rufin asiri zai iya sa ƙafa shine wajen bugaggun ayyukansa na kan takarda, kuma sa'ar da aka yi shine mutumin nan ya ɗauki harkar bugu da gaske tun yana ɗalibi, ba wai abin neman kuɗin cefane bane a wajensa.

An haife shi a Bradford a arewacin Ingila a 1937, ya shiga Royal College of Art a Landan a 1959, kuma tun a can ya fara aikin farantin jan ƙarfe. Yadda ake yi shine a shafe farantin da wani abu mai kamar kakin zuma, mai zane ya karce hotonsa da tsinke, a tsoma a ruwan asid ya cinye inda aka karce, sai a cusa tawada a ramukan a danne da takarda mai ɗan laima a cikin injin matsi. A takardun gwanjo zaka ga an rubuta etching. Ɗaya hanyar kuma ita ce litogiraf, a yi zane da abu mai maiƙo akan dutse ko faranti, tunda ruwa da mai basa shiri sai tawada ta kama inda maiƙon yake kawai. Abin da nake so ka riƙe anan, waɗannan ba hoton wani zane bane aka ɗauka aka buga, a'a, shi bugun shine aikin, don haka aka yi shi tun farko, an buga adadi ƙayyadadde an sa hannu an rufe. Fosta kuwa hoton aiki ne da gidan tarihi ko wani kamfani ya buga dubbai don talla. Duk rikicin kasuwar nan daga wannan bambancin yake tasowa.

Kafin ka kashe ko sisi, ka san jerin ayyukan. A Rake's Progress guda 16 ne, ya yi su tsakanin 1961 da 1963 bayan zuwansa New York na farko, saiti 50 kawai aka buga. A 1969 ya yi guda 39 akan tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, baƙi da fari, kuma ni a ganina nan ne ƙofar shiga mafi sauƙi saboda suna da yawa a kasuwa kuma ana raba su ɗaiɗai. The Blue Guitar guda 20 ne masu launi, 1976 zuwa 1977, kwafi 200. Sai litogiraf ɗin da ya yi a Amurka da gidan bugu na Gemini G.E.L. a Los Angeles, kamar jerin yanayi na 1973 mai ruwan sama da hazo da rana, da waɗanda ya yi da Kenneth Tyler, wani mai gidan bugu, cikinsu har da na kwamin wanka na ƙarshen shekarun 1970, waɗannan kam kowa su yake bi shi yasa farashinsu ba'a magana. A 1986 ya koma yana bugu da injin fotokwafi na ofis a gidansa, yana maida takarda ɗaya cikin injin sau da yawa kowane launi da zuwansa. Sannan na iPad, musamman The Arrival of Spring in Woldgate na 2011 da ya zana hanyoyi da bishiyoyin gabashin Yorkshire, aka nuna su a Royal Academy a 2012, yawancinsu kwafi 25 ne kacal.

Ga wanda baya son rataye hoton mai rai a ɗakinsa, kuma nasan da yawanmu haka ne, Hockney yana da sauƙin sha'ani, bishiyoyi da furanni da ruwa da kujeru da tagogi sun ishe ka tari har ka gaji. Amma ka riƙa duba saiti kafin ka saya a dunƙule, don akwai na farko-farkonsa irin na 1966 masu hotunan maza ba sutura, kar akwati ya iso gida ka buɗe a gaban surukai.

Shawarata ka zaɓi layi ɗaya ka tsaya akai. Ko dai tatsuniyoyin nan, ko furanni, ko na iPad. Wanda yake tsintar ɗaya nan ɗaya can baya taɓa sanin farashin komai da kyau, amma in ka shekara kana bin jeri guda, da ka ga an sa kuɗi zaka san ko an zuga ko an yi araha, kuma in araha ta yi yawa zaka san akwai lauje cikin naɗi.

Yanzu ga duba takardar kanta, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Yadda mata suke juya atamfa su karanta bakinta kafin su kalli zanen, haka zaka yi, gefen takarda zaka fara dubawa. A ƙasa akwai sa hannu da fensir, yawanci da shekara kusa dashi, sai lamba kamar 37/200, ma'ana kwafi na 37 cikin 200. Wani lokacin maimakon lamba zaka ga A.P., waɗannan 'yan kwafin da ake ware wa mai zanen ne banda adadin, halastattu ne. Kar wani ya ruɗe ka wai lamba 1 tafi lamba 180 daraja, galibi duk ɗaya ne, lafiyar takardar ita ce magana. Fensir na gaske in ka karkata takardar wajen haske zaka ga yana ɗan sheƙi kuma ya ɗan shiga jikin takardar, sa hannun da aka buga da inji kuwa a shafe yake kamar sauran hoton. A bugun farantin ƙarfe ka shafa da ido, akwai shatar gefen faranti da ta lotsa takardar, murabba'i kewaye da hoton. Gidajen bugu irin su Gemini da Tyler suna da hatimi mara tawada da suke dannawa a kusurwa, sai ka kalla ta gefe zaka gan shi ya ɗan taso. Ka samu ɗan gilashin ƙara girma, in ka ɗora akan fosta zaka ga launin ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo a jere reras kamar hoton jarida, litogiraf na hannu baya yin haka.

Na iPad sune masu wahala, tunda su dama injin feshin tawada ne ya fitar dasu, ido kaɗai ba zai raba maka na gaske da na bogi ba. Anan tarihin takardar ne zai cece ka, wa ya fara saye, a wane gidan zane, ina rasit. Annely Juda Fine Art a Landan sun daɗe suna sayar da ayyukansa, rasit daga irin wannan gidan yafi duk wata takardar shaida mai zinare-zinare da wani a eBay zai haɗo maka da ita, wacce kowa zai iya bugawa a shagon kwamfuta. Akwai kuma waɗanda suka fito ta hannun kamfanin buga littattafai na Taschen a 2016 tare da wani ƙaton littafi, hotuna huɗu kowanne kwafi 250 da sa hannu, suma suna yawo a kasuwa sosai.

Sai ka gwada da kundin da aka tattara bugunsa. A bayanin gwanjo zaka riƙa ganin S.A.C. da lamba, ko M.C.A.T. da lamba, na farko kundin da hukumar fasaha ta Scotland ta fitar a 1979 ne, na biyu na gidan tarihin zane na Tokyo ne na 1996. Suna faɗin girman takarda, irinta, da adadin da aka buga. In kundi yace kaza santimita, taka kuma ta gaza da santimita biyu, to an datse gefen ne don ta shiga firam, kuma darajarta ta faɗi. Kalma ɗaya kuma da zaka kiyaye, in ka ga an rubuta kalmar Turancin nan after kafin sunansa, to ba aikinsa bane, kwaikwayo ne ko hoton aikinsa. Ba laifi bane sayen fosta fa, wacce ya yi wa gasar Olamfik ta Munich ta 1972 tana da kyau sosai kuma mutane na tara ta, kawai dai ka biya kuɗin fosta.

Wajen saye, manyan gidajen gwanjo na Landan, Christie's da Sotheby's da Phillips da Bonhams, duk suna yin gwanjon bugu a kai a kai kuma zaka iya tayawa ta intanet daga ko'ina, Phillips ma ta sha ware gwanjo guda sukutum na Hockney kaɗai. Akwai kuma baje kolin London Original Print Fair da ake yi duk shekara tun 1985, in kana Ingila kaje ko ba zaka sayi komai ba, ka ga takardun ido da ido ka yi ta tambaya, dillalan basa gajiya da bayani. Sakamakon gwanjon baya yana nan kyauta a shafukan gidajen gwanjon, ka duba nawa aka sayar da irin wacce kake so a 'yan shekarun nan. Kuma kullum ka nemi rahoton lafiyar takarda da hoton bayanta a wajen firam, kyauta ne, aiko maka zasu yi. Abin da kake nema a ciki: ko launi ya koɗe saboda rana, ko akwai ɗigon tsatsa-tsatsa da laima ke kawowa, ko shatar rawaya inda kwalin firam ya taɓa ta, ko an manna ta da gam ko salatif a jikin katako. Yagewa kaɗan a gefe masu gyara suna iya rufewa, amma launin da ya koɗe ya tafi kenan har abada.

Lissafi kuma, wallahi nan ne sababbi suke shan mamaki. Kuɗin da aka buga guduma akai ba shine zaka biya ba. Akwai la'adar gidan gwanjo da ke kaiwa sama da kashi 25 cikin ɗari a manyan gidajen, akwai harajin VAT kashi 20 akan ita la'adar, sannan a Birtaniya akwai haƙƙin mai zane na sake sayarwa, kashi 4 cikin ɗari akan abin da ya kai fam 1,000 zuwa fam 50,000, daga nan kason yana raguwa. A ce ka ci gwanjo a fam 4,000 kuma la'ada kashi 27 ce, la'ada 1,080, harajinta 216, haƙƙin mai zane 160, ka tashi a 5,456 tun ba'a yi maganar ɗauri da inshora da jirgi da kwastan ba. Saboda haka ka fara daga abin da ke aljihunka ka yi lissafi da baya, ka rubuta iyakarka a takarda kafin a fara, don in zafin tayi ya ɗebe ka ana ƙara ɗari biyu ɗari biyu baka sanin sanda zaka wuce. Zasu nemi fasfo da shaidar adireshi kafin su yi maka rajista, dokar hana halasta kuɗin haram ce, kar ka ji haushi.

Maganar riba, kar ka shiga don ita. In ka tashi sayarwa kai ma za'a cire maka la'ada, kuma kasuwar tana hawa tana sauka, abin da ka saya bana zai iya shekaru kafin ya maida maka kuɗinka. Ka sayi wanda zaka ji daɗin kallo ko da farashinsa bai motsa ba.

In ta iso hannunka, musamman in gida zaka kawo ta, to takarda bata son abubuwa uku da muke dasu a wadace, rana da ƙura da laimar damina, ga gara kuma a gefe tana jira. Kar ka kai wa mai firam ɗin hoton biki ya shafa mata gam ya danne da gilashi. Ana so kwalin da zai taɓa ta ya zama mara asid, a rataye ta daga sama da 'yar siririyar takardar Japan da kokon sitaci yadda za'a iya cirewa, gilashin ya zama mai tare hasken rana kuma kar ya taɓa fuskar hoton, bayan firam ɗin a rufe shi ruf saboda ƙurar hunturu. In zai yiwu a yi firam ɗin tun a can, kuma ka ce a sa roba mai kama da gilashi maimakon gilashi don kar ya fashe a hanya ya yanke takardar. Bangon da zaka rataye ya zama na cikin gida wanda rana bata dukansa kuma baya tsatsafo da damina, nesa da kicin da turaren wuta, hayaƙi yana rina takarda a hankali baka lura ba. Duk ƙarshen damina ka sauke ta ka duba bayan firam ɗin. Rasit da rahoton lafiya da hoton shafin gwanjon kuma ka haɗa su a fayil ɗaya ka ajiye kwafi a imel, don duk ranar da kai ko magada suka tashi sayarwa su za'a fara tambaya.