In MySQL na yawan faɗuwa, duba RAM tukuna

Jama'a, in MySQL ɗinku (manhajar da ke adana bayanan shafi) na mutuwa haka kawai, kar ku yi saurin biyan kuɗin babbar saba (kwamfutar da shafin ke kai). Ku buga umarnin dmesg -T a sabar ku nemi "Out of memory".

In kun gan shi, to Linux ne da kansa ke kashe MySQL ɗin, don in RAM ta cika wanda ya fi cin ta yake fara kamawa.

Na sha wahalar nan da shafin wata makaranta a Samaru, RAM 1GB kacal, da an fara rajista sai ya mutu wallahi. Na sa swap 2GB (wani yanki na diski da ke aiki kamar ƙarin RAM), na rage innodb_buffer_pool_size (yawan RAM da MySQL ke warewa don riƙe bayanai), ya zauna lafiya.

Amma fa in diski ne ya cika wannan ba zai yi ba, df -h zai nuna muku. Kuma swap bai kai RAM sauri ba, in mutane sun yi yawa dole ku ƙara RAM ɗin.