Yadda Ake Zaɓen Dutsen Da Za A Hau Da Jirgin Ƙasa Da Motar Igiya A Suwizalan

Wanda ya sauka Suwizalan da kwana uku ko huɗu a hannu ba zai iya hawa duk duwatsun da ake talla ba, domin tikitin dutse ɗaya kan ci kuɗin kwanan otal. Ɗaya za a zaɓa, ko biyu in aljihu ya yarda. Kuma kada sunan dutse ya ja ka. Fara duba garin da ka kwana.

Idan a Luzern kake, Pilatus da Rigi suna bakin ƙofarka. Jirgin Pilatus yana tashi daga Alpnachstad, kuma tun 1889 yake aiki. Irin jirgin nan ne mai haƙora a ƙarƙashinsa, da ke cizon wani layin ƙarfe na tsakiya don kada ya zame, kuma a wani wuri hawan yana kai kashi 48 cikin 100, wanda babu jirgin haƙora da ya kai shi a duniya. Kimanin rabin sa'a ake yi a kai sama. Tsarin da ya fi daɗi shi ne zagaye: jirgin ruwa daga Luzern zuwa Alpnachstad, jirgin haƙora zuwa sama, sannan a sauko ta ɗaya gefen a motar igiya, wato akwatin gilashi da ke rataye a igiyar ƙarfe, zuwa Kriens, daga nan bas ya mai da kai gari. Sai dai jirgin haƙoran yana aiki ne daga wajen Mayu zuwa Nuwamba kawai. Da hunturu igiyar Kriens ce kaɗai hanya.

Rigi ya fi sauƙi da arha. Tsayinsa bai cika mita 1,800 ba, jirginsa daga Vitznau shi ne jirgin dutse na farko a Turai, tun 1871, kuma yana aiki duk shekara. Ga mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara, shi ya fi dacewa. Amma wanda burinsa ya taɓa dusar ƙanƙara a watan Yuli ba zai same ta a nan ba. Sai ya nufi Engelberg ya hau Titlis, inda motar igiya mai juyawa ke kai mutum sama da mita 3,000.

Mai kwana a Interlaken kuwa, Jungfraujoch ne zai fi jin ana ambata. Tasharsa tana mita 3,454, babu tashar jirgin ƙasa da ta kai ta tsayi a Turai, an buɗe ta a 1912. Hanya biyu ce. Ta Grindelwald, motar igiya ta Eiger Express da aka buɗe a 2020 tana kai ka tashar Eigergletscher cikin minti 15, daga nan jirgin ƙasa ya ƙarasa da kai sama. Ta Lauterbrunnen da Wengen zuwa Kleine Scheidegg ta fi tsawo, amma ta fi kyan gani. A hau ta farko, a sauko ta biyu. Ka sani cewa kusan kilomita 7 na ƙarshe cikin ramin dutse ake yin su, ba abin kallo sai ɗan tsayawar da ake yi a Eismeer a leƙa ta taga. Duk abin da ka biya dominsa yana can sama.

Nan ne mutane ke asarar kuɗi. Idan gajimare ya sauka kan dutsen, abin da za ka gani daga dandalin kallo fari ne fat, kamar ka tsaya gaban bangon da aka shafa wa farar ƙasa, kuma ba a mayar da kuɗin tikiti saboda hazo. Kowane dutse yana da kyamara da ke nuna samansa kai tsaye a intanet. Duba ta da safe, ka haɗa da hasashen manhajar MeteoSwiss, sannan ka saya. Kada ka dogara da sararin da kake gani ta tagar otal: da kaka da hunturu hazo kan rufe Luzern alhali rana na haskaka saman Rigi, da bazara kuma gajimare kan taru a kan duwatsu bayan azahar. Shi ya sa jirgin safe ya fi. Iska mai ƙarfi tana tsayar da motar igiya, kuma yawancin layukan igiya suna rufewa na wasu makonni don gyara, galibi a Nuwamba ko bayan hunturu.

Batun tikiti yana son lissafi. Swiss Travel Pass, tikitin zirga-zirga na baƙi masu yawon buɗe ido, ya ɗauke maka Rigi gaba ɗaya, yana rage rabi a Pilatus da Titlis, amma a Jungfraujoch kashi 25 cikin 100 kawai yake ragewa daga Grindelwald ko Wengen zuwa sama. Katin rabin kuɗi, Swiss Half Fare Card, shi yana rage rabi har can. A watannin cunkoso kuma sai an kama kujera tun da wuri.

Sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 a kowane mita 1,000. Idan ma'auni ya nuna 22 a Interlaken, a saman Jungfraujoch bai fi kimanin 5 ba. Ka tafi da rigar sanyi mai tare iska, takalmi rufaffe mai kama ƙasa, da baƙin tabarau, don hasken rana a kan ƙanƙara yana cutar da ido.

Abin da ya fi sanyi muhimmanci shi ne numfashi. A mita 3,500 iskar da jiki ke samu kusan kashi biyu cikin uku ce ta wadda ake samu a bakin teku, kuma jirgi ya kai ka can cikin sa'a biyu, jiki bai saba ba. Ciwon kai da jiri suna faruwa. A yi tafiya a hankali, a sha ruwa, idan abin ya ƙi lafawa a sauko. Mai cutar sikila, wadda ta yawaita a cikinmu, kada ya hau ko ƙananan duwatsun sai ya ga likita, domin ƙarancin iska na tayar da ciwon. Ko mai jinin AS kan gamu da matsalar saifa a irin wannan tsayi. Haka mai ciwon zuciya da mai juna biyu.

Da ka isa sama, kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya, nemi allon da ke nuna lokacin jirgi ko motar igiya ta ƙarshe. Da yawa suna daina aiki tun da la'asar, kuma a yi niyyar saukowa da wadda ke gabanta, don ta ƙarshe kan cika maƙil.