Darasi na 9: Gyaran Aksul ɗin Gaba Mai Yoyon Mai

Tsofaffin motoci masu jan ƙafa huɗu har yanzu suna aiki a ƙasar Zazzau. Su ne ke shiga gonakin Giwa da Soba da damina, su kwaso masara da kaka. Yawancinsu Toyota ne, kamar Land Cruiser samfurin 60 da na 70 da na 80, da tsohuwar Hilux. Aksul ɗinsu na gaba bututu ne guda na ƙarfe, da tulu, wato kumburin da giya ke ciki, a kusa da tsakiya, da gwiwa a kowane gefe inda taya ke juyawa. Wannan darasi a kan irinsu yake. Land Rover da Nissan Patrol suna da kama da su, amma girman notinsu da wasu kayansu sun bambanta.

Daga ina man yake fitowa?

Durƙusa ka leƙa bayan tayar gaba. Za ka ga wani dunƙulen ƙarfe mai santsi, shi ne gwiwa. Ɗan maiƙo kaɗan a jikinta ba laifi ba ne. Amma idan ka ga baƙin abu mai ruwa-ruwa kamar koko yana gangarowa, yana ɗiga a cikin taya, yana warin man giya, to akwai gyara.

A cikin tulu akwai man giya. A cikin gwiwa akwai giris. Bai kamata su haɗu ba. Abin da ya raba su wani ƙaramin zobe ne na roba da ƙarfe, wanda makanikai ke kira sil. Yana zaune a bakin bututun, shaf, wato sandar ƙarfe mai juya taya, yana juyawa a cikinsa. Idan sil ya tsufa, man giya sai ya tsallaka cikin gwiwa, ya narkar da giris, su fito tare ta baya.

A nan mutane da yawa ke asarar kuɗi. Suna ganin yoyo a bayan gwiwa, sai su canza zoben ulu da roba da ke wajen, domin shi ido ke gani kuma shi ya fi sauƙin kaiwa. Wannan zobe aikinsa tare ƙura ne. Ba a yi shi don riƙe mai ba. Ba a jimawa yoyon zai dawo. Sil na ciki shi ne mai laifi, kuma sai an buɗe an kai gare shi.

Kada a bar abin ya daɗe. Tulu zai ƙafe, haƙoran giya su cinye juna. Man kuma yana iya kaiwa ga birki, birkin da ya sha mai kuwa ba ya kamawa.

Fara duba hanci

A saman aksul akwai wata 'yar kafa mai hula ko siririn tiyo. Ta nan aksul ke numfashi. Idan mai ya yi zafi, iskar ciki takan kumbura ta nemi mafita. Laka ta damina da ƙurar hunturu sukan toshe kafar, sai iskar ta tura mai ta bakin sil. Kwance ta, ka wanke da kananzir, ka hura ka ji iska ta wuce. Idan ka sa sabon sil ka bar hanci a toshe, sabon ma zai yi yoyo.

Sayen kaya

Kafin ka tafi Sabon Gari, ɗauki biro ka kwafi lambar shasi da samfurin motar a takarda, harafi bayan harafi. Miƙa wa mai shago takardar. Ka sayi sil guda 2, na dama da na hagu, domin tare suka tsufa. Ka sayi gasket, da zoben ulu, da sabon washa mai kunnuwa na kulle noti. Sil mai araha yakan jawo a sake buɗe komai, don haka ka nemi na ainihi ko da ya fi tsada.

Karanta jikin galan ɗin mai da kanka. Nemi rubutun 80W-90 da GL-5. Aksul ɗin gaba na Land Cruiser yana shan wajen lita 3. Giris iri biyu ne: baƙi mai sinadarin moli na gwiwa, da na boris ɗin taya, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kai.

Cikin kayan aiki akwai wanda ba kowa ke da shi ba: soket mai lamba 54, na manyan notin hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, a motocin Toyota. Ka ara ko ka saya. Wasu sukan buɗe notin da kurfi da guduma, su lalata shi, su kuma kasa ɗaure shi daidai. Ka nemi aron sifana mai awon ɗauri. Sauran su ne jak, da sifanu, da filaya mai cire zobe, da waya, da tsummoki masu yawa, da kwalaye.

Ɗaga mota

Zaɓi wuri mai tauri da ya daidaita. Idan tsakar gida ƙasa ce, shimfiɗa katako mai kauri. Ja birkin hannu, ka sa duwatsu gaba da bayan tayoyin baya. Sassauta notin taya tun tana ƙasa. Ɗaga motar, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe na tallafe mota. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Bulon siminti kuma yana fashewa ba gargaɗi, kada ka jingina ranka a kansa. Sanar da mutanen gida a hana yara zuwa wurin.

Buɗe notin zuba mai na gefen tulu tukuna, sannan na ƙasa. Idan ka tsiyaye mai, na zubawa ya ƙi buɗuwa, ka shiga uku. Dubi man da ya fito. Idan ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, watakila wurin ƙetare rafi.

Buɗewa

Yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan. Duk inda ka rikice, sai ka leƙa wanda ba ka buɗe ba.

Cire taya. Kwance kan birki, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ka rataye shi da waya, kada nauyinsa ya ja tiyon mai. Cire murfin hob. A ƙarƙashin notinsa akwai ƙananan washa masu tsini da ke mannewa. Ɗan bubbuga gefen, za su tsallo. Cire zoben da ke bakin shaf. Miƙe kunnen washa, ka kwance manyan noti biyu, ka zaro hob da boris ɗinsa. Kwance sandar da hob ke zama a kai. Yanzu ga kan shaf. Yana da gefe biyu a shafe. Juya shi har su dubi sama da ƙasa, sannan zai fito.

Idan za ka cire gwiwar gaba ɗaya don wankewa da canza zoben ulu, to a nan karatunka zai yi maka rana. A saman gwiwa da ƙasanta akwai boris, kuma a ƙarƙashin murfin kowanne akwai siraran faranta na ƙarfe, wato shim, sai dai a samfurin 80 na sama kaɗai ke da su. Kaurinsu ba ɗaya ba ne. Su ne suke tsayar da gwiwa ta yadda shaf zai bi ta tsakiyar sil. Idan ka musanya na sama da na ƙasa, shaf zai karkata ya riƙa cin sil ta gefe guda, yoyo ya dawo, ka zargi mai shago a banza. Yanka kwali huɗu. Rubuta DAMA SAMA, DAMA ƘASA, HAGU SAMA, HAGU ƘASA. Duk abin da ka cire, ɗaure shi da waya a kan kwalinsa. Sauran kayan kuma ka jera su a tsabtataccen buhu bisa yadda suka fito.

Sa sabon sil

Haska tocila a bakin bututu. Kafin ka ɓamɓaro tsohon sil, lura da fuskar da ya duba da zurfin da ya zauna. Leɓensa mai siririn sifirin yana duban ciki, wajen mai. Fitar da shi a hankali, kada ka karce mazauninsa. Goge wurin tas. Ɗora sabon a miƙe, ka sa soket ko guntun bututu mai faɗinsa, ka riƙa bugawa kaɗan-kaɗan har ya zauna daidai ta ko'ina. Sil da ya shiga a karkace ya riga ya lalace. Shafa wa leɓensa giris.

Wanke shaf, ka bi da farce inda sil ke gogawa. Idan farcenka ya maƙale a rami, sabon sil ba zai riƙe ba. Haka idan boris ɗin gwiwa ya yi tsatsa ko ramuka, ko motar tana ƙas-ƙas in an karya kan sitiyari. Waɗannan ka kai wa ƙwararren makaniki ya gani, domin akwai awo a ciki.

Cusa baƙin giris cikin kan shaf. Wurin mayarwa, tallafe shi da hannu biyu, kada haƙoran bakinsa su yaga leɓen sil. Juya shi kaɗan har ya shige tulu. Cika gwiwa da giris kashi uku cikin huɗu, ka bar wa iska wuri.

Mayar da sauran kaya daga na ƙarshe zuwa na farko. Wurin boris ɗin taya, ɗaure notin ciki kana juya hob, ka sassauta, ka sake ɗaurewa kaɗan, yadda zai juya sumul ba ya girgiza. Sa sabon washa, ɗaure notin waje, ka lanƙwasa kunne ɗaya ciki ɗaya waje. Idan fad ɗin birki ya jiƙe da mai, canza shi. Wanki ba ya fitar da man.

Sauke motar ta tsaya daidai, ka zuba mai har ya fara leƙowa ta ramin zubawa. Taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa. Yi 'yar gajeriyar tafiya, ka taɓa hob. Ɗumi ba komai, amma zafin da hannu ba ya jurewa yana nufin ka matse boris da yawa. Bayan mako guda sake duba noti da yawan mai.

Tsohon mai ka zuba a jarka mai murfi ka kai gareji. Kada ka tuttular a kwata, domin ruwan sama zai kwashe shi zuwa Kubanni ko Galma, inda ake ban-ruwan lambu.

Aikin gida

Kwafi lambar shasin wata mota a littafinka. Rubuta sunayen kaya biyar da za ka saya, da farashin kowanne, ka haɗa jimla. Idan galan lita 4 ne, aksul ya sha lita 3, lita nawa ta rage?